Layar da Na Jefa a Kogi

A gidanmu na Gaya, idan aka gama girbi sanyi ya fara haurowa daga kogi, kakata Dije takan hura wuta a tsakar gida bayan sallar isha'i. Karan dawa ne da busasshen ganyen giginya, wuta mai saurin ci, sai an yi ta ƙara mata. Mu jikoki mukan kewaye ta, kowa da murucinsa a hannu, ƙanana a gaba, ni babbansu a baya ina nuna kamar ɗumi kawai na zo ji. Maigida take kirana, irin tsokanar kaka da jika, tana cewa ita dai ta yi rashin sa'ar miji, ko kan kifi ban taɓa kawo mata ba. Ta iya muryar kura, ta iya tafiyar hawainiya da hannu ɗaya. Amma ba waɗannan ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Tatsuniya ɗaya ce, wadda ta yi sau ɗaya tak, cikin fushi, kuma saboda ni.

Mijinta, kakana, duk gari Kafaran ake ce masa, muƙamin da ya samo a sojan Faransa. Mu a gida Baba Tsoho muke cewa. An ɗauke shi yana saurayi a yaƙin Anasara na farko, ya dawo da ƙafar hagu da ba ta lanƙwasuwa, da lambobin yabo uku, da halin da bai san roƙo ba sai umarni. Ubana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yakan yi wata biyu bai kwana gida ba, saboda haka a hannun tsohon na tashi. Idan na yi laifi ba ya tambayar dalili. Gardabu zai sa ni, wato tsayuwar soja, hannu a cinya, ido gaba, har sai inuwar katanga ta kai inda ya zana da sandarsa. Ba ya zama wurin tatsuniya. Yana can bakin zaure bisa tabarmarsa, baya jingine da bango, ƙafar nan a miƙe, yana jin komai.

Bayan ƙafa da lambobi, akwai abin da ya dawo da shi wanda ba nasa ba. Laya ce. Jar fata ce da ta koma baƙa don tsufa, igiyarta tuƙaƙƙiya da zare fari da baƙi, an ɗaura mata ƙwayar wuri uku, ɗaya ya ɓantare a gefe. Ta wani Garba ce, mutumin Dandi daga ƙetaren kogi ta wajen Dahome, wanda suka zauna rami ɗaya da shi. Da Garba ya ga ba zai tashi ba, ya cire ta daga wuyansa ya ce a kai wa matarsa, ya baro ta da ciki, ita ta tuƙa igiyar. Kakana ya rantse zai kai. Sai dai sunan da ke takardar Anasara ba na Garba ba ne, na ɗan mai garinsu ne da aka tura shi a madadinsa. Sunan ƙauyen kuma kakana bai taɓa tambaya ba. Kakata ta ce a can ba mai tambayar wani gidansu, kowa tsoron tunawa yake.

Lokacin da yake da ƙarfi ya bi ƙauyukan ƙetare a jirgin masunta, ɗaya bayan ɗaya, yana nuna layar. Garba nawa aka ɗauka daga bakin kogin nan? Da ƙafa ta ƙi, hanya ɗaya ta rage masa. Kowace shekara bayan girbi akwai ranar da ake tara tsofaffin soja a bariki gaban kumandan, jama'a su zo kallo daga gaɓa biyu. Ranar yakan sa kakinsa da jar dararsa, ya maƙala lambobin, ya rataya layar a waje bisa ƙirji inda kowa zai gan ta. Sau biyu aka taɓa zuwa aka duba, aka ce ba ita ba ce.

Duk wannan na san shi tun ina ƙarami. Na faɗa ne don kada wani ya nema mini uzuri. Ban yi cikin rashin sani ba.

Shekarar da abin ya faru ina da sha biyar, ina lakwal. Ina tashi daga aji sai tasha, in zauna ina jin direbobi da samarin ma'aikata suna cewa kwanan Anasara ya ƙare. Suna lissafa waɗanda aikin dole ya ci a kan hanyar mota, da waɗanda aka kwashe zuwa yaƙin da ba namu ba. Gaskiya suke faɗa, har yau ban canza ra'ayi ba. Amma ni da na ji, ban ga kumandan a gabana ba, tsohon gidanmu na gani.

Ranar taron aka jera mu 'yan lakwal a rana, mushe, wato malaminmu, yana bayanmu da tsumagiya. Tsofaffin suna tsaye a layi, wani ba hannu, wani ba ido. Kumandan na lokacin yaro ne, bai kai ubana ba. Da ya iso gaban kakana sai ya kai hannu ya ɗan bubbuga masa kunci, kamar yadda ake yi wa ɗan akuya, ya gyara masa dara. Darar ta faɗi ƙasa. Kakana bai motsa ba, yana ƙame, hannu a goshi, kansa mai furfura a buɗe gaban gari duka. Na kusa da ni ya raɗa mini cewa karen Anasara ya fi na mafarauta biyayya. Dariya ta bi layinmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan an watse, wani falken goro daga ƙetare ya tare shi. Ya jujjuya layar a hannunsa, ya ce akwai wata tsohuwa makauniya a wani ƙauyen masunta da ya sha jin tana siffanta igiya irin wannan, zai kai mata labari. Ina tsaye a wurin. Na ce a raina ga na uku kuma da zai ƙare da ba ita ba ce.

Da muka isa gida ban jira ya cire kakin ba. A gaban ƙannena na ce masa ya zubar mana da mutunci. Na ce sun ci ƙafarsa sun biya shi da gwangwani uku, shi kuma yana ta godiya.

Ya dube ni ya ce, "Ba don su nake zuwa ba. Ka sani."

Na ce, "Shekara arba'in kana fakewa da layar matacce. Ko babu ita za ka je, don ka saba da rusuna musu."

Ban ga lokacin da sandar ta tashi ba. A kafaɗa ta same ni. Ya ce ni ɗan jiya ne da ya koyi kalma goma a tasha, ban taɓa riƙe kan mutum yana mutuwa ba, ban taɓa riƙe komai ba sai alli. Ya sa ni gardabu a tsakar gida, rana tsaka, yara na leƙe ta katanga. Kakata ta ce masa ya isa, yaro ya girma, a zauna a yi masa magana. Ya ce shi ba a yi masa magana ba, kuma ga shi ya rayu.

Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na shiga ɗakinsa, na jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado. Lambobin suna nan a kan kakin, suna ƙyalli. Ban taɓa su ba. Layar na ɗauka. Lissafina shi ne, in babu ita baɗi zai sake zuwa ya ƙame, ranar nan in tsaya gabansa in ce to yau kuma don wa ka zo? Na gangara mashayar da mata ke wanki, na jira suka tashi, na naɗe igiyar a jikin layar na wurga. Ko ƙara ba ta yi ba. Na koma gida da laka a ƙafa, kakata ta dubi ƙafar ta dube ni, ta ce maigida yau su ya tafi ke nan, ina kifin? Na ce babu.

Kwana tara bayan haka, da la'asar, aka yi sallama a ƙofar gida. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, da ƙullin kaya a ka, Hausarta da nauyin Dandanci. Ta ce sunanta Fati, kwana biyu ta yi a hanya. Ita ce cikin da aka bari. Uwarta na raye amma ta makance, ba ta iya shiga jirgi. Tsohuwar ta ce a kawo mata layar ta shafa, hannunta zai gane tuƙarsa, in ita ce ta san inda mijinta ya ƙare, ta yi masa sadaka ta huta. Maƙwabta suka cika zaure.

Ban taɓa ganin kakana ya yi sauri irin na ranar ba. Ya shiga ɗaki yana jan ƙafa. Muka ji ƙarar akwati, muka ji yana zazzage kayan ciki. Da ya fito hannunsa ba komai. Ɓarawo lambobin zai ɗauka, ba tsohuwar fata ba, kuma ya san haka. Ya dube ni sau ɗaya. Na sa ran sanda, har na so ta. Sai ya juya wajen baƙuwar ya ce, "Ta ɓace a hannuna, 'yata."

Ya fara siffanta mata igiyar da wurin nan uku. Ta katse shi. Ta ce ai falken goro ma ya faɗi wannan, ba siffa ta zo ɗauka ba. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk zauren ya ji.

"Shekara arba'in ka riƙe ta, Baba, sai da na zo ta ɓace? Ban san fuskar ubana ba. Na ce ko abin da ya taɓa wuyansa in riƙe. Me zan gaya wa makauniya? Ka ci ado da kayan mamaci gaban Anasara, da mai kaya ya zo ka ce babu. Allah yana gani."

Kakana ya sunkuyar da kai. Mutumin da dararsa ta faɗi bai rusuna ya ɗauka ba. Ina tsaye jikin randa, taku uku tsakanina da ita, ban ce komai ba.

Babu jirgin ƙetare sai da safe, kakata ta hana ta tafiya. Ba ta ci tuwon ba. Bayan isha'i kakata ta hura wuta kamar kullum, ta shimfiɗa wa baƙuwar tabarma a gefe. Na so in sulale, ta ce in zauna, kuma ba maigida ta ce ba, sunana ta kira. Ta ce ga tatsuniyarta nan tafe, wanda ba ya so ya toshe kunne. Ƙananan suka ce ta iso. Ba ta yi muryar kowace dabba ba. Tana magana tana karya kara tana jefawa a wuta.

Ta ce wai an yi wani tsohon kada a kogin nan wanda ba ya buɗe baki. Abokinsa ne da zai mutu ya ba shi ƙwai ɗaya, ya ce ya kai wa uwar ƙwan, shi kuwa kada ba shi da aljihu sai baki. Kowace shekara idan ruwa ya ja, wani maharbi yakan kaɗa ganga bisa yashi, dabbobin ruwa su fito kallo. Tsohon yakan fito ya kwanta gaban maharbin ya ɗan buɗe baki, ko uwar ƙwan na cikin masu kallo. Maharbi yana taka masa kai yana cewa ga kadana. Jikan kadan ya ji kunya. Wata rana tsohon na barci, ya sa wutsiya ya zaro ƙwan, ruwa ya tafi da shi. Sai ga uwar ƙwai ta zo. Tsohon ya buɗe baki, babu. Ya ce shi ya haɗiye. Tun daga ranar duk kogi ke kiransa maci amana.

Wata ƙanwata ta tambaya me ƙaramin kadan ya yi.

Kakata ta ce, "Ya kwanta nan kusa, kamar gungume. Yana ji, yana gani. Shi ya sa har yau in kin ga kada a bakin ruwa sai ki ɗauka itace ne." Ta juya wajen zaure. "Shi ma babban ba wani gwani ba ne. Ya iya riƙe ƙwai, amma wutsiya kaɗai ya san yi wa jikansa magana da ita."

Daga bakin zaure kakana ya ce, "Dije, ya isa."

Ta ce bai isa ba. Ta ce ita iyakar abin da ta sani ke nan, amma in akwai wanda ya san wani ƙarshen a cikin masu zaman nan, ga wuta ba ta mutu ba, ga baƙuwa ba ta tafi ba. Ba ta rufe da kan ɓera ba kamar yadda ta saba. Ta naɗe hannu ta jira. Na ji kara na fashewa a wuta. Na ga baƙuwar ta ɗago kai tana duban yaran ɗaya ɗaya. Maganar tana bakina, kalma uku ce, ni na jefa. Na tuna 'yan lakwal, na tuna abin da za a ce a tasha, na ce a raina ai ko na faɗa layar ba za ta dawo ba. Na zauna har wutar ta zama toka. Kakata ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta ce, "To, gungume ne."

Da safe Fati ta tafi ba ta yi wa kakana sallama ba. Kafin sati gari ya ɗauka. Wasu suka ce ya sayar wa wani Anasara mai tara kayan gargajiya, wasu suka ce tun asali ƙarya ce. Tsofaffin sojan da ke zuwa hira zaurenmu suka ragu. Kakata ta ci gaba da tatsuniya, amma ba ta sake kirana maigida ba har ta rasu. Shi kuwa bai sake sa ni gardabu ba, bai sake dukana ba, kuma wannan ya fi sandar ciwo.

Da shekara ta zagayo, ranar taron bariki, na tashi da wuri ina jira in ga ko zai sa kakin. Yana zaune bisa tabarmarsa da tsohuwar rigarsa. Kumandan ya aiko gardi kiransa, tsohon ya ce a ce ƙafa ta hana. Lambobin nan uku na gan su a hannun ƙannena suna wasan 'yar kasuwa da su a cikin ƙasa, shi ya ba su. Amsar da na nema ke nan, na same ta cikakkiya.

Sau ɗaya muka yi maganar. Damina ce, yana kwance ciwon da bai tashi ba, ina ba shi kunu. Bai dube ni ba ya ce, "A ina ka jefa?" Na ce mashayar wanki. Ya ce, "Ta wuce tsakiya?" Na gane abin da yake so. In ta wuce tsakiyar kogi, ta faɗa ɓangaren su Garba, ko ba komai ta kusa gida. Na so in ce ta wuce. Amma na gaji da kaina. Na ce ba ta wuce ba, nan kusa ta faɗa.

Ya ce, "Ko jifan ma ba ka iya ba."

Har yau ban sani ba ko tsokanar kaka da jika ce ya dawo mini da ita, ko kuwa hukunci ne. Ya karɓi kunun ya sha.

Na yi shekaru ina cewa tatsuniyar kan sata take, ko kan raina manya. Ba haka ba ne. Jifan na yi shi cikin zafin kai, da shatar sanda a kafaɗata, kuma Allah ya san ina da abin jin haushi. Har gobe ina jin haushin yaron nan da ya bubbuga kuncin kakana, da waɗanda suka rubuta Garba da sunan wani suka binne shi inda ba mai ziyara. Ina jin haushin tsohon ma, da ya gwammace ya ɗauki sunan maci amana da ya zaunar da ni ya yi mini magana. Amma zaman da na yi gaban wutar nan ba zafin kai ba ne. An buɗe mini ƙofa, an riƙe mini ita har wuta ta mutu, na lissafa na zaɓi kaina. Ni da ke zagin tsoho don ya ƙame gaban kumandan, na ƙame gaban mace ɗaya mai ƙullin kaya.

Da na girma na ƙetara na nemi ƙauyen. Makauniyar ta daɗe da rasuwa, Fati kuma aure ya kai ta wani wuri da ba wanda ya iya gaya mini. Na faɗa wa mutanen da na tarar abin da na yi, suka saurara, suka ce Allah ya yafe mana, suka koma gyaran komarsu. Ba su san Kafaran ba, ba su da abin da za su mayar masa.

Yanzu ni ne tsohon bakin zaure. Jikokina sun san tatsuniyar kada, don nakan yi musu ita in sanyi ya hauro. Idan muka iso wurin gungumen, kullum akwai mai tambaya wane ne ƙaramin kadan. Nakan ce ni ne, in faɗi sunana da na ubana, in faɗi mashayar. Suna dariya, suna tsammani wasa ne. Sai in sake faɗa har dariyar ta tsaya.